Tafiyar tsoho tana ba da labarin ƙwaƙwalwarshi

Da wuya a samu gida a karkara wanda babu tsoho ko tsohuwa a cikinshi. Su ne suka yi noma muka ci. Su ne suka san iyakar gonaki da asalin dangi. In ɗayansu ya fara tangaɗi, ko yana jan ƙafa, ko ya faɗi a bakin ƙofa, abin da muka saba cewa shi ne: "Tsufa ne." In ya fara mantuwa, yana tambayar abu guda sau uku, sai mu ce: "Gigin tsufa ne." Daga nan mu shimfiɗa mashi tabarma a inuwa, mu ce ya huta.

A ganina wannan hutu yana cutar da tsofaffinmu. Sau da yawa tangaɗi da mantuwa tushensu guda ne, kuma tushen nan yana cikin ƙwaƙwalwa. Ƙafa takan riga baki ba da labari. Wanda ya lura da tafiyar mahaifinshi da wuri, ya kai shi likita, ya kuma bar shi yana motsa jiki, to ya taimaki ƙafar, ya taimaki hankalin.

Mi ke tsai da mutum bisa ƙafafunshi?

Tsayuwa aiki ce, ko da ba mu jin wahalarta. Jaki yana da ƙafa huɗu. Turmi yana da gindi mai faɗi. Mutum kuwa dogo ne, ga kai mai nauyi a sama, ga tafin ƙafa biyu kacal a ƙasa. Don kada ya kife, abu uku ke aika ma ƙwaƙwalwa labari a kowane lokaci.

Na farko shi ne ido. Shi ke nuna rami da tudu, da nisan bango.

Na biyu yana can cikin kunne. A kowane kunne akwai ƴan ƙananan bututu uku masu ruwa a ciki. In kai ya juya, ruwan ya motsa, sai ƙwaƙwalwa ta san inda kai ya karkata. Shi ya sa yaro in ya yi ta juyawa a wuri guda, juwa take kwasar shi ya faɗi.

Na uku su ne jijiyoyin tafin ƙafa da na gaɓoɓi. Su ke faɗin ko yashi aka taka ko tsakuwa, ko gwiwa ta lanƙwashe ko tana miƙe.

Ƙwaƙwalwa ke tattara labaran nan uku, ta ba naman jiki umurni kafin ƙiftawar ido. Sashenta na wajen ƙeya yana daidaita motsi. Sashenta na wajen goshi shi ke shawara: a tsallake kunyar gona, a kauce ma igiyar akuya, a rage sauri don ƙasa ta jiƙe. Sashen goshin nan kuma shi ne muke aiki da shi wajen mai da hankali, da lissafi, da shirya abin da za a yi gobe. Ke nan tafiya da tunani suna da ma'aikaci guda. In ma'aikacin ya raunana, aiki biyu ne ke taɓuwa.

Yadda ƙwaƙwalwa take ƙishi

Mai garka ya san abin da ke faruwa in ƙananan hanyoyin ruwa suka toshe. Ga ruwa a rijiya, ga babbar hanya tana gudu, amma fangalin da ke can ƙarshe yana bushewa. Albasar ba ta mutuwa rana guda. Ganye ne ke fara yaushi, kaɗan kaɗan.

Haka ƙwaƙwalwa take. Tana da ƙananan jijiyoyin jini masu yawan gaske, waɗansu sun fi gashi siranta. Hawan jini, wanda muke ce ma tansiyo, yana ƙeƙasar da su, yana ƙuntata su. Ciwon sukari da shan taba su ma suna yi masu lahani. In suka lalace, waɗansu wurare na ƙwaƙwalwa ba su samun isasshen jini. Mutum ba ya jin zafin wannan ɓarna. Shekara da shekaru tana tafiya ba a sani ba. Abin da ake fara gani shi ne taku ya gajarta, ƙafa ba ta ɗaguwa sosai daga ƙasa, juyawa tana ɗaukar lokaci. Bayan haka tunani ya yi nauyi.

Tsohon da ke tsayawa in an yi mashi magana

Kowa a cikinku ya tuna lokacin da ya fara haɗa baƙaƙe. Hankali duka yana kan takarda. In wani ya yi magana a gefe, karatun ya tsaya. Da hannu ya faɗa, sai ga mutum yana karatu yana jin abin da ake faɗi. Tafiya ma haka take. Mai lafiya yana tafiya yana hira, mace tana ɗauke da tulu tana gaisawa da maƙwabta. Amma in ƙwaƙwalwa ta raunana, tafiya ita kaɗai takan cinye hankali duka.

A shekarar 1997, masana a ƙasar Suwidin sun buga wani bincike mai sauƙi. Sun raka tsofaffi 58 suna tafiya, suna jan su da hira. Mutum 12 daga cikinsu, da an fara magana sai su tsaya cik, ba su iya haɗa tafiya da amsawa. Cikin wata 6 da suka biyo baya, 10 daga cikin 12 ɗin nan sun faɗi. Wannan awo bai bukatar na'ura, bai bukatar ko dala. Duk wanda ya raka kakanshi kasuwa zai iya lura da shi.

A ƙasar Japan kuma, a ƙarshen shekarar 2014, an ba da sakamakon wani bincike kan mutum 1,387, waɗanda tsaka-tsakin shekarunsu 67 ne. An sa kowa ya tsaya da ƙafa guda, ido buɗe. An ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu, an kuma gwada tunaninsu. Waɗanda suka kasa kai sakan 20 sun fi sauran nuna ɓarnar ƙananan jijiyoyin nan da muka ambata. Kuma masu gajeriyar tsayuwa sun fi samun ƙarancin maki a gwajin tunani.

Akwai kuma binciken da aka buga a Amirka a shekarar 2010, inda aka bi tsofaffi shekaru masu yawa. An ga cewa waɗanda tunaninsu ya raunana daga baya, saurin tafiyarsu ya fara raguwa sosai tun wajen shekara 12 kafin raunin ya bayyana. Shekara 12 lokaci ne mai tsawo. Ya isa a yi abubuwa da yawa.

A nan sai mu yi hattara. Ba duk mai tangaɗi ne zai yi gigin tsufa ba. Ciwon gwiwa yana sa ɗingishi. Yanar ido tana sa tuntuɓe. Yunwa da ƙarancin jini suna sa jiri. Canjin tafiya alama ce da ke cewa a je a duba, kamar yadda hayaƙi ke sa a leƙa rumbu. Ma'aikacin lafiya shi zai faɗi abin da ya jawo shi.

Faɗuwa ba ƙaramin abu ba ce

Ƙungiyar lafiya ta duniya, wadda ake ce ma OMS, ta faɗi a shekarar 2021 cewa mutum wajen 684,000 ke mutuwa kowace shekara saboda faɗuwa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen nan suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali. Waɗanda suka wuce shekara 60 su ne suka fi mutuwa ta wannan hanya. Cikin waɗanda suka kai shekara 65, wajen mutum ɗaya cikin uku yakan faɗi a shekara. Masu gigin tsufa kuwa faɗuwarsu takan ninka ta sauran.

Bayan karaya da targaɗe, faɗuwa tana barin tsoro. Tsoho ya faɗi sau guda, sai ya ji tsoron fita. Ɗiyanshi ma su ji tsoro, su hana shi zuwa gona, su hana shi zuwa kasuwa. Suna yin haka don ƙauna da girmamawa. Amma dubi abin da ke biyo baya. A wani bincike da aka buga a Amirka a shekarar 2007, an kwantar da waɗansu tsofaffi masu lafiya kwana 10 a gado don a ga abin da zai faru. Cikin kwanakin nan kaɗai, a tsaka-tsaki, sun rasa kusan kilo guda na naman ƙafafu. In kwana 10 ya yi haka, ina ga wata shida bisa tabarma?

Ƙafa ta ƙara rauni, faɗuwa ta biyu ta fi kusa. Wanda ba ya fita kuma ba ya gamuwa da mutane. Ba ya jin labarin kasuwa, ba ya gardama da tsaranshi a dandali, ba a neman shawararshi. Kaɗaici da rashin motsa jiki suna cikin abubuwan da masana suka lissafa masu ƙara haɗarin gigin tsufa. Tabarmar da muka shimfiɗa don jinƙai sai ta cinye ƙafa, ta cinye hankali.

Amsa ga masu cewa tsufa ba shi da magani

Wani zai ce: "Malam, tsufa ba shi da magani. Mi ya sa za mu kashe kuɗin mota a kan abin da ba ya warkewa?" Maganarshi tana da ƙamshin gaskiya. Akwai irin gigin tsufa da ake kira Alzaima, wanda har yanzu ba a samu maganin da ke warkar da shi ba. Shekaru kuma ba su komawa baya.

Amma da yawa daga cikin abubuwan da ke kawo tangaɗi da ruɗewa suna da magani. Hawan jini yana da magani. Ciwon sukari ana iya riƙe shi. Yanar ido ana cire ta da ɗan gajeren aiki, mutum ya koma yana ganin hanya. Ƙwayoyin sa barci, da tramol, da sauran magungunan da ake saye hannun masu talla a kasuwa suna sa jiri da ruɗewa, kuma in an bar su bisa shawarar likita hankali yakan dawo. Rashin shan ruwa lokacin bazara yana sa tsoho ya ga duhu in ya miƙe.

Ga kuma hujja daga karkara irin tamu. A ƙasar Sin an yi wani babban aiki a ƙauyuka 326, kan mutum 33,995 masu hawan jini. A rabin ƙauyukan, an horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba manyan likitoci ba ne. Su ke auna jini, su ba da magani, su bi mutane su ga ko suna sha. Bayan shekara 4, kamuwa da gigin tsufa a ƙauyukan nan ta yi ƙasa da ta sauran da kashi 15 cikin 100. An buga sakamakon a shekarar 2025. Kayan aikinsu abin awon jini ne da ƙwayoyin tansiyo, irin waɗanda aka sani a gidajen likita.

Motsa jiki ma an gwada shi. A shekarar 2019 masana sun tattara bincike 108 da aka yi a ƙasashe daban-daban kan mutum fiye da 23,000. Sun ga motsa jiki yana rage yawan faɗuwar tsofaffi da wajen kashi 23 cikin 100. Wanda ya fi tabbata a ciki shi ne na koyon tsayuwa daidai, da na tashi da zama.

Abin da za mu yi a gida

1. Mu lura da tafiya. Taku ya gajarta? Yana jan ƙafa? Yana dafa bango a inda da ba ya dafawa? Yana tsayawa in an yi mashi magana? Ya faɗi cikin shekarar nan? In amsa ɗaya ta zama i, a kai shi gidan likita.

2. A auna jini, ko da babu abin da ke ciwo. In awo ya kai 14 da 9 ko ya wuce, kuma aka sake samun haka wata rana, to hawan jini ne. Maganinshi ana shan shi kullum. Ba a barin shi don an ji sauƙi.

3. A rage gishiri. OMS ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a yini, wato wajen ƙaramin cokali guda. A tuna dunƙulen miya cike yake da gishiri, kanwa ma danginshi ce.

4. In za a je likita, a tafi da duk ƙwayoyin da tsoho ke sha, har na kasuwa da na gargajiya. A roƙa a duba idonshi da kunnenshi da sukarin jininshi.

5. A bar shi yana tafiya kowace rana, zuwa masallaci, ko dandali, ko gona ta kusa. In ana tsoro, jika ya raka shi. A ba shi aikin da ya iya: zaɓen iri, tufkar igiya, ɓarar gyaɗa, ba kaji hatsi.

6. A koya mashi motsi uku, a riƙa yi kwana uku a mako ko fiye. Ya tashi daga kujera mai ƙarfi ya zauna, sau 5 zuwa 10, ba tare da dafa hannu ba in ya iya. Ya dafa bango, ya ɗaga ƙafa guda, a ƙirga mashi daga 1 zuwa 10, sa'an nan ya sake ƙafa. Ya yi tafiya gefen bango yana aza diddige gaban yatsun ɗayar ƙafar. Kullum wani ya tsaya kusa da shi. In ya ji jiri ko ciwon ƙirji, a dakata.

7. A gyara gida. A kau da igiya da turke daga hanya. A cike ramukan tsakar gida. A zuba yashi inda ruwan wanka ke sa santsi. A ajiye tocila kusa da shimfiɗa don fitar dare. Takalmi ya zama mai kama ƙafa.

8. Sanda ba abin kunya ba ce. Tsawonta ya kai wuyan hannu in mutum yana tsaye, hannu a sake. In ƙafa guda ce mai rauni, a riƙe sandar a hannun ɗaya gefen.

9. In zai tashi daga kwance, ya fara zama tukuna, ya ɗan jima, sa'an nan ya miƙe. Lokacin zafi a riƙa miƙa mashi ruwa ko bai tambaya ba, don tsofaffi ba su cika jin ƙishirwa ba.

10. A zauna da shi a yi hira. A tambaye shi tarihi, a nemi shawararshi kan gona da aure. In mantuwa ta yi yawa, kada a yi mashi dariya, kada a kira tsohuwa mayya. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda ake ciwon ido ko na ƙirji.

Alamun da ba a kwana da su

Akwai lokacin da jira ke kashewa. In baki ya karkace farat ɗaya, ko hannu ko ƙafa ta gefe guda ta saki, ko magana ta harɗe, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A nemi mota nan take.

In tsoho ya ruɗe cikin kwana ɗaya ko biyu, alhali jiya lafiyarshi lau, kada a ce gigin tsufa ne. Gigin tsufa a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Ruɗewar gaggawa takan fito daga zazzaɓi, ko ciwon huhu, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki, kuma ana maganinsu.

In ya faɗi ya bugi kai, a sa mashi ido har wata biyu ko uku, ko da ya ce babu komi. Wani lokaci jini yana taruwa sannu sannu tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa. Bayan makonni sai ciwon kai, da yawan barci, da ruɗewa, da tangaɗi su bayyana. A manyan asibitoci kamar na Yamai ana ɗaukar hoton kai, a yi aiki a fitar da jinin, kuma da yawa suna komawa daidai. In an je, a tuna a gaya ma likita zancen faɗuwar.

Kira ga kowa

Ina roƙon ma'aikatan gidajen likita, in tsoho ya zo da kowane irin ciwo, su auna jininshi, su dubi yadda yake tashi da yadda yake tafiya, su tambaye shi ko ya faɗi bana. Ina roƙon masu gari da kwamitocin lafiya na ƙauyuka su nemi a riƙa awon jini ranar kasuwa, don wanda ba ya iya doguwar tafiya ya samu.

Mu kuma masu shekara arba'in da hamsin, maganar nan tamu ce. Jijiyoyin da za su ɗauke mu a shekara saba'in, yanzu ne suke gyaruwa ko suke lalacewa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mu auna jininmu bana, mu bar taba, mu rage gishiri.

Girmama tsoho wajibi ne a kanmu. Mu girmama shi ta hanyar riƙe mashi hannu a fita tare, a je a gaida jama'a a dawo. Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta ma mutanen gidansu da dare. Gobe da safe kuma ya raka tsohon gidan zuwa bakin hanya, yana jan shi da hira, yana duban ƙafafunshi.

Allah ya ba tsofaffinmu lafiya, ya sa mu ga tsufanmu da ƙafa da hankali.